Ƙarin fitila ne ke fito da kyan bango da bishiya da daddare, ko akwai wata dabara?

Maman_Afnan: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin harkar wuta da masu adon gida ku taimaka min da shawara. Akwai bango ɗaya a falona da aka yi wa adon dutse, irin mai gargada ɗin nan, da rana in hasken taga ya bugo shi ta gefe wlh ba ka son ɗauke ido, amma da dare in aka kunna fitilun silin sai ya shafe gaba ɗaya, duk gargadar ta ɓace. Fitila takwas ce a silin ɗin farare tas. A farfajiya kuma akwai dabino guda biyu da wata babbar bishiya mai yaɗo a kusurwa, su ma da dare ko dai duhu ko kuma babbar fitilar katanga ta dallare ko'ina. Mai wayarin ya ce in ƙara fitila huɗu a silin, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Ƙarin ne maganin?

Injiniya_BK: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki ƙara ko ɗaya tukuna. Ai tagarki ta riga ta ba ki amsa, ke da kanki kika ce sai haske ya bugo ta gefe bangon yake kyau. Abin da idonki ke gani yana burge ki inuwa ce, kowane ɗan tudu na dutsen yana jefa 'yar inuwarsa, to in haske ya zo daga tsakiyar ɗaki ta fuskoki takwas sai ya cike duk ramukan babu sauran inuwa. In kika ƙara huɗu sai dai abin ya ƙara shafewa.

Abin da za a yi shi ne a sa fitila dab da bangon, tazarar santimita 15 zuwa 30, ko a silin tana kallon ƙasa ko a ƙasa tana kallon sama, hasken ya riƙa gogar bangon yana wucewa. Sannan, wannan shi ne babba, a raba musu makunni da na tsakiya. In kina son ganin bangon sai ki kashe rabin na silin.

Sadiq_99: Tab, wato a rage fitila don a ga haske? Ni ban gane ba gsky

Injiniya_BK: @Sadiq_99 kunna tocilan da rana tsaka ka haska bango ka ga in za ka ga wani abu. Ido bambanci yake kamawa. Masu tsara haske suna da ƙa'idar da suke bi, abin da kake so ya fito ya fi kewayensa haske kamar sau uku, in kana son ya ja ido sosai sau biyar ko fiye. To hanya biyu ce, ko ka ƙara wa abin haske ko ka rage wa kewayensa, kuma ta biyun ta fi sauƙi ta fi rage shan wuta.

Anti_Bilki: Maman Afnan kafin ki kira kowa ki yi wannan yau da dare. Ki kashe fitilun falon, ki ɗau tocilan mai ƙarfi ki ajiye a ƙasa a gindin bangon tana kallon sama, ki koma ƙofa ki tsaya ki kalla. Sai ki matso da ita, ki ja ta baya, ki kai ta kusurwa. A haka na gano inda zan sa nawa, sai da na manna salatif a wajen sannan na kira mai aiki na ce nan nake so. Haka za ki yi wa bishiyoyin ma, ki sa yaro ya riƙe miki ke kina tsaye inda kuke zama.

Maman_Afnan: Kai amma na gode Anti, yau ɗin nan in sha Allah

Dan_Kwalisa: Ni dai shawarata Hajiya ki sa igiyar LED ɗin nan mai canza kala da rimot, ja, shuɗi, kore, ki zagaye silin da ita ki naɗe dabinon ma. Gida ya haɗu kenan.

Ummu_Sultan: @Dan_Kwalisa a'a dan Allah. A ɗakin yara ko ranar wani taro babu laifi amma a bangon dutse? Shuɗin haske kashe kalar dutse yake, sai ka ga ya yi toka-toka, fuskar mutanen da ke zaune ma ta canza. Ita fa so take a ga bangon, kai kuma so kake a ga fitilar.

Dan_Kwalisa: Kowa da abin da ke burge shi ai Anti, ni nawa duk wanda ya shigo sai ya tambaya

Injiniya_BK: Igiyar LED ba ta da laifi, inda ake sa ta ne. In aka ɓoye ta a bayan allon talabijin, ko ƙarƙashin kanta, ko leɓen matakala, ko a ramin silin dab da bangon da Hajiya ke magana, tana aiki sosai. Sharaɗi biyu. A sa ta cikin kwaroron alminiyam mai farin murfi, don alminiyam ɗin yana kwashe zafi ta daɗe ba ta dushe ba, murfin kuma yana haɗe ɗigo-ɗigon hasken. In kuma tayil ɗin ƙasa mai sheƙi ne a nemi wadda ake kira COB, ita layi ɗaya take bayarwa babu ɗigo, in ba haka ba za ka riƙa ganin ƙwayoyin a tayil kamar an jera su. Naɗe bishiya da ita kuwa ban goyi baya ba, zan dawo kan wannan.

Malam_Tanko: Ina bin zancen nan tun ɗazu. Abin da ba a taɓo ba shi ne launin hasken kansa, kuma Hajiya ta ce nata farare ne tas. A kwalin kowane ƙwai akwai lamba mai K a ƙarshe. 2700K shi ne mai ɗumi, ruwan ɗorawa kaɗan irin na tsohon gilob. 3000K ya ɗan fi shi fari. 4000K tsaka-tsaki. 6500K shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi, ina kyautata zaton shi ne a silin ɗinki. Dutse mai ja ko ƙasa-ƙasa, katako, bulo, fata, duk 2700 zuwa 3000 ke fito da su. Kuma a ɗaki ɗaya kada a gauraya 2700 da 6500, ɗaya zai sa ɗaya ya zama kamar ya lalace.

Hauwa_M: Baba Malam ni fa ba na son jan hasken nan ko kaɗan, sai in ga ɗaki ya yi duhu-duhu kamar ba a share ba, kuma ji nake kamar yana ƙara zafi. Fari ya fi tsafta.

Malam_Tanko: 'Yata zafin a ido yake, LED mai wat 5 ko fari ko ja zafinsu kusan ɗaya ne. Amma ban ce ki canza ba, a kicin da banɗaki da wajen guga ni ma 4000 nake sawa don a ga datti. Falo da dare kuma wajen hutawa ne. Farin LED asalinsa shuɗi ne aka lulluɓe shi da wani sinadari mai ruwan ɗorawa, shi ya sa sai da aka samu shuɗin LED sannan farin ya samu, Japanawa ukun da suka yi aikin, Akasaki da Amano da Nakamura, har kyautar Nobel aka ba su a 2014. To mai 6500 shuɗinsa ya fi yawa, kuma haske mai yawan shuɗi da dare yana jinkirta sinadarin melatonin da ke kawo barci.

Hauwa_M: To na ji, amma 3000 ne iyakata, ƙasa da haka ba zan iya ba

Zee_Decor: Ku ƙara da CRI, mutane ba sa dubawa. Lamba ce da ke nuna yadda fitila ke fito da ainihin kalar abu, hasken rana 100 ne. Yawancin na kasuwa 80 ne ko ƙasa, in dai don ado ne ki nemi 90 zuwa sama. Inda za ki gane bambancin a ja ne, jan kafet ko jan fure a ƙarƙashin mai ƙaramin CRI sai ya koma kamar ya koɗe alhali sabo ne. Sau da yawa mace za ta ce min labulenta ba kalar da ta zaɓa a shago ba ce, in na je sai in tarar ƙwan ne.

Abban_Khalifa: Tunda an zo nan bari in shigo da tawa. Ina da babban hoto mai gilashi a falo, na sa a ɗora masa fitila a silin amma duk wanda ya zauna a kujerar da ke fuskantarsa ba ya ganin hoton sai ƙyallin ƙwan a gilashin. Me ya jawo?

Zee_Decor: @Abban_Khalifa Yallabai fitilar ta yi nisa da bango, shi ya sa hasken ke bugun gilashin ya dawo ido. Ƙa'idar ita ce hasken ya karkata digiri 30 daga saitin ƙasa kai tsaye. A lissafe, in silin ɗinka mita 3 ne tsakiyar hoton kuma mita ɗaya da rabi daga ƙasa, fitilar ta kasance kamar santimita 85 zuwa 90 daga bango, a karkato ta ta kalli tsakiyar hoton. A haka ƙyallin ƙasa zai faɗa ba ido ba. In ta matso da yawa kuma firam ɗin zai jefa inuwa a saman hoton. Ka sayi mai kai mai juyawa, kada ka sayi kafaffiya.

Sannan in zanen hannu ne a takarda ko saƙa ko tsohon hoto a yi hattara, haske yana cin kala a hankali kuma ba ta dawowa. A gidajen tarihi irin waɗannan kayan lus 50 kawai ake ba su (lus ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu ne), zanen fentin mai kuma wajen 200. LED ya fi tsohon halojin sauƙi don ba ya ƙona abu da zafi, duk da haka kada a bar shi a kunne kwana da yini a kan abu mai daraja.

Abban_Khalifa: Na auna yanzu, mita biyu ta ba bangon. Shi ke nan na gane, Allah ya saka

Maman_Afnan: 'Yan uwa na gwada tocilan ɗin Anti Bilki!! Wlh da na ajiye ta a gindin bangon sai ga duwatsun sun taso ɗaya bayan ɗaya, har wani layi-layi na cikin dutsen da ban taɓa lura da shi ba. Amma na ga abu biyu, ƙasan ya yi haske sosai saman kuma bai samu ba, sannan akwai wani waje da mai aikin bai daidaita simintin ba shi ma ya fito fili. A waje kuma dabinon ya yi kyau ba magana, babbar bishiyar ce tocilan ɗin ta ɓace a cikinta.

Injiniya_BK: Madalla. Na farko haka haske yake, in nisa ya ninka biyu ƙarfinsa komawa yake kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa kusa ke ƙuna nesa ke duhu. Maganinsa ƙwai mai matsattsen haske da zai kai sama, ko a ɗan ja shi baya. Na biyu kuma gaskiya ne, gogar bango ba ta rufa wa magini asiri, duk inda aka yi kuskure sai ta nuna. Shi ya sa bango mai santsi da aka yi wa fenti ba a yi masa haka, shi ja da fitilar ake yi baya kamar santimita 60 zuwa 90 a wanke shi da haske bai ɗaya. Naki tunda waje ɗaya ne ki sa fitilun su kauce masa ko ki ajiye tukunyar fure a gabansa.

Maganar bishiya faɗin haske ne, shi ma yana jikin kwali da alamar digiri. Dabino dogo ne siriri, mai digiri 10 zuwa 15 a gindinsa kusa da jiki, hasken ya hau gangar jikin ya fito da ɓawon nan mai hawa-hawa ya je ya buɗe a ƙarƙashin ganyen. Mai yaɗo kuma digiri 36 zuwa 60, guda biyu ko uku daga fuskoki daban, a ja su baya daga gindi. Ki riƙe wannan, mai digiri 24 a nisan mita 2 da'irar da zai yi ba ta kai mita ɗaya ba.

Mai_Lambu: Injiniya ka yi alkawarin dawowa kan naɗe bishiya, bari in riga ka tunda aikina ne. Dan Allah jama'a ku daina ɗaure waya ko igiyar fitila tamau a jikin bishiya ku manta da ita. Bishiya ƙiba take duk shekara, abincinta kuma ta ƙarƙashin ɓawo yake bi, in waya ta nutse ta zagaye reshe to ta shaƙe shi, sai ka ga ganyen sama na bushewa ka rasa dalili. Na sha ciro waya da ta shige cikin itace sai da wuƙa. In dole ne a ɗora fitila a sama a yi da maɗauri mai sassauci a riƙa kwance shi ana sake ɗaurawa. Kuma masu haƙa ramin waya su bi a hankali kusa da gindi, kada a datse manyan saiwoyi.

Ita babbar bishiyar Hajiya ni da za a bi tawa daga sama za a haska ta. A ɗora ƙaramar fitila can cikin rassa kamar mita 6 ko fiye tana kallon ƙasa, hasken ya ratso ganye ya zubo, sai ki ga inuwar ganyen a ƙasa tana motsi in iska ta kaɗa, kamar daren farin wata. Wajen zama a ƙarƙashinta ya samu haske ba tare da wani abu na kashe ido ba.

Anti_Bilki: Wannan na sama ɗin na taɓa gani a wani gida, gsky ya fi na ƙasa kwanciyar hankali. Matsalar wa zai riƙa hawa in ƙwan ya mutu

Mai_Lambu: LED mai kyau yana shekaru Anti, kuma dama ai ana hawa sassabe

Alhaji_Garba: Duk na ji bayananku amma akwai abin da kuka manta, tsaro. Kuna ta a rage haske a rage haske, gida da dare in ba a haske yake tar ba ai ka yi wa ɓarawo shimfiɗa. Ni fitila huɗu manya na sa a kusurwa huɗu, allura ta faɗi sai ka gan ta. Ado daban kwanciyar hankali daban.

Sadiq_99: Alhaji ya faɗi gaskiya wlh

Malam_Tanko: Alhaji ranka ya daɗe ban ƙi taka ba, amma ka gwada wani abu. Ka tsaya a ƙofar falo ka kalli wajen babbar fitilar, sannan ka yi ƙoƙarin ganin abin da ke bayan mota ko bayan tankin ruwa. Ba za ka gani ba, don ƙwayar ido ta tsuke saboda ƙarfin hasken, inuwar da ke gefe ta ƙara baƙi. Ƙananan fitilu da aka rarraba a gindin katanga da bishiyoyi da hanya sun fi nuna motsin mutum, ko ba ka ga fuskarsa ba za ka ga ya gitta ta gaban bango mai haske. Manyan kuma a bar su amma a sa musu sensa mai jin motsi, su kama lokacin da ake buƙata, kamawar ma kanta tana razana mai mugun nufi kuma tana ankarar da na ciki.

Alhaji_Garba: Sensar nan kyanwa ma tana tayar da ita Malam, dare ɗaya sai ta kama sau nawa. Ni dai a bar min nawa a kunne

Ummu_Sultan: Alhaji a yi haƙuri amma a tuna da maƙwabta. Namu maƙwabcin fitilarsa saitin tagar ɗakin yarana take, labule biyu na sa duk da haka ɗakin kamar rana. Ko ba za a kashe ba a sunkuyar da kanta ƙasa ta haska gidan mai ita. Haƙƙi ne fa.

Alhaji_Garba: Wannan kam gaskiya ne Hajiya, nawa duk ciki suke kallo

Dalibin_Zane: Maganar Malam Tanko ta tuna min abin da aka koya mana. Akwai wani Ba'amurke Richard Kelly, yana cikin waɗanda suka mayar da tsara haske sana'a mai zaman kanta, a 1952 ya kasa haske gida uku: wanda ke cika wuri don a ga hanya, wanda ke nuna abu ɗaya ya ce kalli nan, da na ƙyalƙyali don nishaɗi kawai. Falon Maman Afnan na farkon ne kaɗai a ciki har guda takwas, na Dan Kwalisa kuma na ukun ne zalla. Kelly ɗin ne ya yi hasken gidan gilashin Philip Johnson, wani mai zanen gine-gine, a jihar Konetikat ta Amurka, gidan duk bangonsa gilashi ne, da dare in an kunna wuta a ciki sai gilashin ya zama madubi ba ka ganin waje sai kanka. Sai ya haska bishiyoyin da ke kewaye da gidan, waje ya dawo ana ganinsa daga ciki. To duk mai babbar taga da ke kallon lambu wannan dabarar tasa ce, fitila ɗaya a bishiyar da ke saitin tagar sai falo ya ƙara faɗi a ido.

Maman_Afnan: Ikon Allah, dabinon ɗaya saitin tagar falon yake kuwa. To yanzu na waje sola zan saya ko na waya? Don ba na son a farfasa min intalok

Sadiq_99: Sola mana Hajiya, soka ƙasa kawai ki tafi, babu waya babu mai aiki

Mai_Lambu: Sola tana da kyau a gefen hanya da cikin furanni inda rana ke samunta awa shida zuwa takwas. Amma ku duba, inda ake son haska bishiya gindinta ne, gindin bishiya kuma inuwa ce, faifan ba zai ci rana ba. Sai dai mai faifai daban da doguwar waya a kai shi sarari. Kuma ƙananan nan haskensu ba ya kai saman dabino, tsakar dare batirin ya yi sanyi, in ƙura ta rufe faifan ma haka. A riƙa goge shi da tsumma mai laima.

Injiniya_BK: In ana son abu mai ɗorewa mai bolt 12 za a yi. Taransifoma ƙarama a jikin bango inda ruwa ba ya samu, ita ke sauke wutar gida zuwa 12, daga nan waya ta bi gefen katanga ko cikin ƙasar furanni, ba sai an fasa intalok ba in an zagaya. Amfaninta ko yaro ya taɓa ko fatanya ta datse wayar ba ta kisa. A haɗa wat ɗin fitilun, misali shida masu wat 5 talatin kenan, a sayi taransifomar da ta fi haka kada a ɗora mata fiye da kashi 80 na ƙarfinta. In wayar za ta yi nisa a sa mai kauri, in ba haka ba ta ƙarshen layi za ta fi sauran dushewa.

Sai lambar IP, mai nuna yadda fitila ke jure ƙura da ruwa, lamba ta farko ƙura ta biyu ruwa. IP44 fantsalin ruwa kawai, ta baranda ce. IP65 ƙura ba ta shiga kuma tana jure feshin tiyo, ita ce ta jikin katanga da ta sokawa a ƙasa. Wadda za a binne daidai da ƙasa IP67, a zuba tsakuwa a ƙarƙashinta ruwa ya riƙa tsiyayewa. Cikin ruwa dindindin kamar kwamin kifi IP68 kawai. Wanda kuma ya dage sai wutar gida kai tsaye a lambu to lallai a sa bireka mai yanke wuta in ta zurara, mai 30mA, da waya mai sulke a cikin bututu. Wannan ba wajen gwaji ba ne, a kira wanda ya iya.

Abban_Khalifa: A ƙara da mahaɗar waya. Ni wanda ya yi min nawa fitilun masu kyau ne amma salatif kawai ya naɗa a inda ya haɗa wayoyin ya tura cikin ƙasa, ruwan sama na farko bireka ta fara faɗuwa, da aka tono wayar ta yi kore. Ku tsaya a kansu su sa akwatin haɗi mai hana ruwa.

Hauwa_M: Tambaya, ƙwari fa? Ni abin da ya hana ni sa fitila a baranda kenan, kafin ka ankara sun cika wajen tsaka ta biyo su

Malam_Tanko: To 'yata nan ma farin da kike so ne ke kira miki su. Yawancin ƙwarin dare hasken da ke da shuɗi da wanda ido ba ya gani na bayan shuɗi suka fi bi, mai ɗumi bai cika jan su ba, ba wai babu sam ba amma da sauƙi. Kuma in fitilar tana can gindin bishiya nesa da kujeru can za su taru. Ƙungiyar DarkSky da ke fafutukar rage gurɓata dare da haske, tun 1988 aka kafa ta, shawararta kenan, na waje kada ya wuce 3000K, a rufe samansa, a kashe in ba a buƙata. Don ba mu kaɗai ke cikin lambun ba, tsuntsaye na kwana a bishiyar nan. An yi bincike a Birtaniya a 2016 aka ga bishiyoyin da ke wuraren da hasken dare ya yi yawa suna riga sauran toho da kusan mako guda.

Ummu_Sultan: Shi ya sa ni taima na sa, ta kama da magariba ta ɗauke sha ɗaya. Wa zai kalli bishiya ƙarfe ukun dare

Dan_Kwalisa: Wai duk wannan lissafin a kan fitila, digiri, IP, K. Hajiya in kin gaji ki dawo kan rimot ɗina

Zee_Decor: Maman Afnan mu koma falon, ni a ganina daga sama za a haska bangon ba daga ƙasa ba. Na ƙasa yara za su leƙa ya kashe musu ido, ƙura na taruwa a gilashin, kuma sai an fasa tayil. Tunda silin ɗin na POP ne huda uku kawai za a yi, ƙaramin ƙwan haska waje ɗaya da ake kira GU10 mai lumen (ma'aunin yawan hasken ƙwai) 350 zuwa 400 kowanne, irin wanda ƙwan ya shige ciki sosai yadda in kina zaune ba kya ganinsa. A sa dima, makunnin nan mai rage haske da ƙara shi.

Injiniya_BK: Na yarda da batun yara, amma dutse daga ƙasa ya fi fitowa a ganina, don ido ya saba da haske daga sama, in ya zo daga ƙasa sai abin ya zama sabo. Ba sai an fasa tayil ba, akwai na ajiyewa mai filogi a ɓoye shi bayan tukunyar fure. Dima kuma a tabbatar an rubuta a kwalin ƙwan cewa yana karɓarta, kuma dimar ta LED ce, in ba haka ba zai riƙa ƙyafta ko ya yi ƙara.

Zee_Decor: Injiniya mai filogi waya za ta riƙa jan ƙasa a falo, ni ba na so

Maman_Afnan: Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na faɗa wa mai wayarin a dakata da huɗun, a fara raba makunnin tukuna. Sama ko ƙasa kuma ban yanke ba, gobe zan sa a hau tsani a riƙe min tocilan ɗin daga silin in kwatanta. Maigidan kuma ya ce babbar ta katanga ba za a taɓa ta ba, yana bayan Alhaji Garba.

Alhaji_Garba: Ki gaishe shi

Mai_Lambu: To in ba za a kashe ta ba Hajiya a juya ta ta bar saitin dabinon, in tana dukansu duk abin da kika sa a gindinsu ba zai fito ba. Kuma ki bar wa kowace fitila rarar waya kamar mita ɗaya a naɗe a ƙasa, furen da ke gefenta zai girma ya rufe ta, sai an matsar.

Sadiq_99: Injiniya ni kuma matakala nake son yi wa, hawa goma sha huɗu ne, kowane hawa sai an sa masa ko ana tsallakewa?

Injiniya_BK: In ƙananan na jikin bango ne ana tsallake biyu ko uku, a tabbatar dai na farko da na ƙarshe sun samu don nan ake tuntuɓe, tsayin kamar santimita 20 zuwa 30 daga hawan, masu kallon ƙasa. In igiya ce a ƙarƙashin leɓe to kowanne. Matakalar ta ciki ce ko ta waje? Kuma tayil ne ko katako?